Zuma da Maɗaci a Waƙoƙin So na Gargajiya

Sau da yawa uwa takan ji ƴarta tana wanke-wanke a tsakar gida tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. In ta kasa kunne sai ta tarar waƙar ta wata ce wadda saurayi ya yaudara, ko wadda aka kai ɗakin mijin da ba ta so, ko kuwa ta wani da ya rantse budurwarsa ba za ta auri kowa ba muddin yana numfashi. Yarinyar kuwa ba ta wuce shekara 12 ba. A nan sai zuciyar uwar ta rabu biyu. Ita ma ta rera irin waɗannan waƙoƙi a dandali sa'ad da take ƙarama, ba ta kuwa lalace ba. Duk da haka jin kalmomin a bakin ƴarta yakan sa gabanta ya faɗi. Ta tsawata mata ne, ko ta ƙyale ta?

Amsa iri biyu aka saba ji a wurin iyaye da malamai da masu lura da matasa. Waɗansu sukan ce kiɗan gargajiya gādo ne, abin da kakanni suka ji ba zai cuci jikoki ba. Waɗansu kuma sukan ce duk waƙar da ta ambaci so da kishi da rabuwa ba ta yaro ba ce, a kashe rediyo a huta. Dukansu biyu sun tsallake aikin da ya kamata a yi, wato a zauna a saurari waƙar, a ga abin da ta yi da ciwon da ta ɗauko. Gama akwai waƙar da ke nuna wa yaro rami domin ya kauce, akwai kuma wadda ke shimfiɗa masa tabarma a kan ramin.

Baƙin ciki ba baƙo ba ne

Mai cewa a raba yara da waƙar ɓacin rai ya manta inda waƙar ta fito. A ƙauyukan ƙasar Hausa, in akwai farin wata, ƴan mata sukan taru a dandali su yi gaɗa, suna tafi, ɗaya tana ba da waƙa sauran suna amsawa. Ba makaɗi ne ya shirya musu baitocin ba. Daga yayyensu suke gadonsu, su kuma ƙara nasu. In aka natsu aka ji abin da suke faɗa za a tarar ba duka ne wasa ba. Akwai zambo ga saurayi marowaci, akwai roƙon uba kada ya ba da ƴarsa ga tsoho, akwai tsoron uwar miji da kishiya tun ba a ɗaura aure ba. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi mahaifinta takan faɗi abin da ke ranta a cikin taron tafi, maganar kuma ta kai kunnen da ake so ta kai, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Haka nan waƙar niƙa. Kafin injin niƙa ya shiga ƙauyuka, mace takan durƙusa gaban dutse tun da asuba, tana niƙa tana habaici ga mijin da ya juya mata baya, ko abokiyar zaman da ta hana ta sakat. Ƴaƴanta suna kwance suna ji. Ranar kai amarya kuma ƙawaye sukan yi waƙoƙin da ke sa ta kuka, na barin gida da shiga hannun baƙi. Ashe yaran Hausawa sun daɗe da sanin aure yana da ɗaci, tun ba a san kaset ko wayar salula ba.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin yake ba. Wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Francis James Child, ya tattara tsofaffin waƙoƙin baka na Ingila da Sikotilan har guda 305, aka buga su tsakanin 1882 da 1898. Da yawa daga cikinsu labarin yaudara ne da kishi da zub da jini tsakanin masoya. Ko'ina talaka yakan zuba wa waƙa abin da ya fi ƙarfin bakinsa. Saboda haka in aka ce za a tace waƙar gargajiya a fid da baƙin ciki, abin da zai rage a ƙwarya kaɗan ne ƙwarai, kuma ba shi ne mafi amfani ba.

Waƙar da ta kira cuta da sunanta

Misali mai kyau na waƙar da ta ɗauki mugun zama ta yi masa adalci yana wurin Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, ya rasu a 2015. Abin kiɗansa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, gwangwani ne aka rufe da fatar akuya. Ba shi da ƴan amshi ko taron makaɗa da za su rufe maganarsa, don haka kowace kalma tana fita fili. An san shi a Nijar kamar yadda aka san shi a Nijeriya, gama rediyo da kaset ba su san iyakar ƙasa ba.

A waƙarsa ta Auren Dole ya soki iyayen da ke ba da ƴa ga wanda ba ta so. A Jawabin Aure ya jera wahalolin da ke bin bayan saki, ya gargaɗi ma'aurata su daidaita tsakaninsu. A Gulma Wuya ya nuna yadda mai gulma ke haɗa kai da boka a shuka gaba tsakanin mata da mazansu, yana sauya murya yana kwaikwayon kowa kamar wasan kwaikwayo. Ba ɗaya daga cikin waƙoƙin nan da ke da labari mai daɗi. Akwai kuka, akwai munafunci, akwai gida yana rushewa. Amma mai sauraro ba ya tashi cikin ruɗu game da wanda ya yi laifi. An ba wanda aka cuta baki, an kuma nuna ƙarshen mugun aiki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ke tasowa a Nijar. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a ƙasar a 2012 ya nuna cewa a cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin ɗari an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. Wato abin da Ɗan Maraya ya rera ya sami ƙawayen masu sauraronsa, wani lokaci ma ya sami masu sauraron kansu. Hana ƴar shekara 13 jin waƙar auren dole da sunan ta yi ƙanƙanta, alhali ana kai tsararrakinta ɗakin miji, kiyayewa ce ta banza. Waƙar tana ba ta suna ga abin da take gani, tana kuma shaida mata cewa akwai babban mutum da ya ce wannan ba daidai ba ne.

Kowace waƙa da ɗakinta

Akwai kuma waƙar da ba ta da mugun nufi, amma ba a yi ta domin kunnen yaro ba. Kiɗan amada shi ne misali. Mata ne ke yinsa, da ƙwarya a kife, a cikin gida lokacin biki ko suna. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce ta fi shahara da shi. Ta yi waƙar da ke zuga mata su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji, wannan kuwa ko ƙaramar yarinya za ta amfana da ita. Amma ta yi waɗansu na zolayar kishiya, da waɗansu masu maganar jiki da sha'anin ɗaki, irin wadda matan aure ke yi tsakaninsu su yi dariya su rage zafin da ke cinsu.

A taron matan da suka san zafin kishi, irin wannan waƙa magani ce. Wadda ta kwana da takaici ta yi rawa ta yi shewa, ta koma gida da sauƙin zuciya. Kaset ne ya fid da waƙar daga wannan ɗaki ya kai ta tasha da shago da motar haya, daga baya waya ta sa ta a aljihun kowa. Yarinyar da ta ji ta ba tare da sanin abin da ya haife ta ba za ta iya ɗauka cewa zaman mata biyu gasar baƙar magana ce kawai, kuma gwanar ita ce mai kaifin baki. Laifin ba na mawaƙiyar ba ne. Bangon da ke tsakanin taron manya da kunnen yara ne ya faɗi, ba a kuwa gina wani a madadinsa ba.

Inda zuma ta rufe guba

Waƙar da ta fi haɗari sau da yawa ba ta da ashar ko batsa ko ɗaya. Domin a ga wannan sarai, yana da kyau a dubi wata waƙa daga nesa, wadda tarihinta yake a rubuce. A shekarar 1866, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka kashe wata budurwa mai suna Laura Foster. Aka kama saurayinta Tom Dula, tsohon soja, aka yi masa shari'a, aka rataye shi a garin Statesville a 1868. Mutanen duwatsun wurin suka mai da labarin waƙa, tana yawo baki da baki. A 1958 wata ƙungiyar mawaƙa uku mai suna Kingston Trio ta rera ta da sunan Tom Dooley, ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka, har ta zama waƙar da yara ke rerawa a makaranta da wurin shaƙatawa.

Karin waƙar mai taushi ne, mai sauƙin kamawa. Amshinta yana maimaita sunan mai kisan, yana jin tausayinsa don zai mutu. A yadda ƙungiyar nan ta rera ta, an ambaci har sunan mutumin da ya sa aka kama shi, amma sunan yarinyar da aka kashe bai fito ba ko sau ɗaya. Ba a ji muryarta ba, ba a ji kukan danginta ba. Yaro zai rera ta sau ɗari, duk tausayinsa yana wajen mai wuƙa. Tun daga 1985 kamfanonin faifai na Amurka suka yarda su riƙa manna alamar gargaɗi ga iyaye a kan waƙoƙin da ke da ƙazamar magana. Irin wannan rariya tana kama zagi, amma waƙa kamar wannan takan wuce ta sumul, gama kalmominta tsabtatattu ne.

Darasin ya shafi waƙoƙin gida. Waƙar bege, irin wadda Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da ita a kan gurminsa, inda saurayi ke kiran sunan budurwa yana yabonta yana kukan rashinta, ba ta da laifi a kan kanta. Matashin da aka ƙi yana bukatar ya ji cewa wani ma ya sha wannan ɗaci ya kuma rayu. Iyakar da ya kamata a lura da ita tana wurin da bege ya juye ya zama mallaka. A bakin waɗansu mawaƙa, na dā da na yanzu, akan ji saurayi yana cewa in ba shi ba sai dai rijiya. Akan ji ana yabon wanda ya tare hanya ya kori abokan takara da sanda. Akan ji zuwa wurin boka neman asirin juya zuciya kamar wata dabara ce ta mai wayo, ko a ɗauki mari da zagi a matsayin alamar so ya yi yawa. Mafi muni shi ne inda budurwa ta ce ba ta so, waƙar kuma ta fassara maganarta da cewa yanga ce, a ci gaba da matsa mata za ta sauko.

A al'adar da kunya ke hana yarinya buɗe baki, har ana ɗaukar shirunta a matsayin yarda, wannan darasi na ƙarshe yana da tsada. Yaron da ya haddace shi zai girma bai san a'a tana nufin a'a ba. Yarinyar da ta haddace shi za ta ga mai kishin hauka ta ce wannan ne mai sonta da gaske. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Waƙar da ke ƙara wa wannan makanta daɗin kari ita ce ba ta dace da matasa ba, ko da shekarunta sun kai ɗari, ko da kaka ce ta koyar da ita.

Hujjar masu tsoro

Iyayen da ke son a hana duka suna da hujja wadda bai kamata a raina ba. Suna cewa amshi ya fi gargaɗi saurin shiga kai. Gaskiya ne. Yaron da ya ji Gulma Wuya zai fi saurin kwaikwayon muryar mai gulmar, don ita ce mai ban dariya, kafin ya kula da abin da aka so ya koya. Suna kuma cewa yadda ake ji ya sake. A dandali akwai yayye da ƙawaye, akwai tsohuwa a bakin zaure wadda za ta yi tsawa in an wuce gona da iri. Yanzu kuwa matashin da aka yaudara yakan kwanta shi kaɗai da dare, abin ji a toshe a kunnensa, yana maimaita waƙa ɗaya har gari ya waye. Baƙin cikin da aka rera a taro yakan ragu, gama an raba shi. Wanda aka yi ta juyawa a kaɗaici yakan yi kauri.

Amma hujjar nan, in aka bi ta har ƙarshe, tana neman a ƙara zama kusa da yaro ne. Hani kaɗai ba ya aiki a zamanin da ake loda ɗaruruwan waƙoƙi a ɗan katin waya a bakin kasuwa. Abin da aka hana a tsakar gida za a ji shi a bayan gida, inda ba mai yin bayani. Uban da ya fasa rediyo ya raba kansa da damar sanin abin da ke shiga zuciyar ɗansa.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki sun san wannan hanya tun dā. A Littafin Sama'ila na Biyu, sura 13, akwai labarin Amnon ɗan Dawuda, wanda sha'awar Tamar ta kwantar da shi ciwo, abokinsa Yonadab ya ƙulla masa dabara, ya yi mata fin ƙarfi, sa'an nan ya tsane ta ya kore ta. Da wuya a sami labarin mugun so da ya fi wannan ɗaci, ba a kuwa cire shi daga littafin da ake ba matasa ba. Abin lura shi ne yadda aka ba da shi. An rubuta ƙin da Tamar ta yi da bakinta, an nuna kukanta, an kuma bi labarin har inda ya jawo jini a gidan sarki bayan shekara biyu. Ma'aunin da za a auna waƙa da shi ke nan.

Abin da ya dace

Ga yaran da ba su kai shekara goma ba, gaɗa da waƙoƙin wasa da na aiki sun isa. Ba su da abin da za su auna maganar kishi da shi tukuna, sai su haddace ta kamar aku. In sun ɗauko wani baiti a waje, ba abin duka ba ne, a sauya musu da wani kawai.

Ga waɗanda suka fara balaga, waƙar rabuwa da ta auren dole da ta yaudara sun dace, har ma suna da amfani, muddin akwai babba kusa wanda ya ji waƙar shi ma. Akwai tambayoyin da za su taimaki mai tacewa. Wane ne ke magana a cikin waƙar, wa kuma aka rufe wa baki? Abin da aka kira so a ciki, in maƙwabci ne ya yi wa ƴar gidan nan, za a kira shi so? Sa'ad da kiɗa ya tsaya, wa mai sauraro yake tausayi? Waƙar da ta amsa waɗannan da kyau a bar ta, kome ɗacinta. Wadda ta kāsa, a zauna da matashin a warware ta baiti baiti, har shi da kansa ya ga inda aka ɓoye ƙugiya a cikin tsutsa. Wanda ya koyi yin haka da waƙa ɗaya zai yi da sauran ba tare da an tsaya a kansa ba. In kuwa aka ga matashi ya maƙale wa waƙar mutuwa da fid da rai, ya daina ci, ya janye daga abokai, to maganar ta wuce ta kiɗa, shi ne ke bukatar a zauna da shi.

Masu shirya waƙa a cikin jama'a su ma suna da rabonsu. Matasa suna zuwa wurin waƙar bege ne domin ita ce ke maganar abin da ke damunsu. In waƙoƙin da ake koya musu ba su taɓa ambaton saurayin da aka ƙi ba, ko yarinyar da aka yi wa alkawari aka saɓa, za su nemi wanda zai ambata, ko wane ne shi. Gurmi da kuntigi da ƙwarya suna nan, ba su ƙi ɗaukar magana mai gaskiya a kan so ba.

Uwar da ta ji ƴarta tana waƙa a wurin wanke-wanke, abin da ya fi mata shi ne ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Ƴata, sake rera mini wannan. Ita wadda ake magana a kanta, me ya same ta? Da ke ce, wa za ki faɗa wa?" Mai yiwuwa yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, waƙa ce kawai." Ba kome. Ta riga ta gane cewa a gidan nan ana iya kawo irin wannan magana, ranar da abin ya wuce waƙa kuwa ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.